Kazar da Habboba Huseina ta tsinta bayan injin niƙa

Ku daina cewa tsufa ne ya taɓa ta. Tun makon jiya hoton nan yake yawo a wayoyin unguwa: tsohuwa zaune tsakar gida da karan dawa a hannu, tana gadin kwando. Kowa ya manna fuskar dariya ya wuce. Wani har ya rubuta wai Habboba, wato kaka, ta samu aikin gadi. Ku da kuke zaton kaza kaza ce, ka jefa ta cikin 'yan'uwanta su ce mata marhaba, ba ku taɓa kiwon ko ɗan tsako ba. Kaji sun fi mu gane baƙo, kuma ba su da kara.

Sunanta Huseina. An haife ta a wani ƙauye bakin tir'a, wato magudanar ruwan noma, kudu da Wad Madani. Tana shekara tara ta fara tsinkar auduga, ta yi ta har bayanta ya lanƙwashe. Ba ta taɓa mallakar hawasha, wato gonar ban-ruwa, tata ba, gonakin mutane ta yi wa aiki. Mijinta Abdussalami ruwa yake sayarwa da amalanken jaki, ya rasu ya bar ta da ɗaki biyu da rumfa. Amma kaji kam, duk ƙauyen an san wurinta ake zuwa. Kazar da ta ƙi kwanci, wadda ke shan ƙwanta, wadda ta sunkuyar da kai, Huseina ake kai wa.

Da tashin hankali ya iso yankinsu na Jazira, aka ce kowa ya fita. Abu na ƙarshe da ta yi kafin ta hau mota, ta buɗe akurki, ta juye wa kajinta duk dawar da ta rage, ta cika kasko da ruwa. Ba ta waiwaya ba. Haka ta iso wannan ƙauye na kusa da Damazin, gidan Hashim, ɗan ƙanenta, da matarsa Nasiba mai juna biyu.

A faɗi gaskiya, sun riƙe ta da mutunci. Mutuncin ne ma ya yi yawa. Ta ɗauki tsintsiya, Nasiba ta karɓe. Ta matso kusa da kaskon kisra, wainar dawar da suke ci, a ce, "Haba Gwaggo, zauna ki huta." Matar da tun tana yarinya ba ta san zama ba, aka ajiye ta kan angarib, gadon igiya, a inuwar rumfa kamar kayan ado. Kajin Nasiba guda takwas suna wucewa ta gabanta, tana ganin wadda ƙwarƙwata ta dama, tana yin shiru, don ba nata ba ne.

Wata Talata da hantsi ta fita miƙe ƙafa. Bayan injin niƙa, inda manyan motoci ke tsayawa, ta ga wani abu ja-ja a cikin kwata. Kaza ce. Wuyanta a tuje, ido ɗaya a rufe, ƙafarta da shatin igiya har ya ci fata. Da gani daga saman kayan wasu matafiya ta faɗo. Huseina ta tsuguna ta ce, "Ke kuma daga ina?" Ta naɗe ta a gefen tob ɗin da ta yafa ta kawo gida.

Ta sa Hashim ya yi cigiya a masallaci, don tsintuwa ba taka ba ce sai ka nemi mai ita. Ba wanda ya ce tasa ce. Nasiba kuwa tsoron ciwo take ji. "Gwaggo, in ta shafa wa nawa fa?"

"Ba za ta kusance su ba sai ta yi mako, ɗiyata. Bar min."

Bayan ɗakinta ta ajiye ta. Ta wanke idon da ruwan gishiri mai ɗumi, ta shafa man riɗi a ƙafar, ta jiƙa dawa tana sa mata a baki ƙwaya-ƙwaya. Kwana uku kazar ta buɗe ido. Kwana biyar ta fara tono da ƙafa ɗaya. Nasiba ta lura tsohuwar ta daina barcin rana, abinci ma ta fara cinye nata.

Ranar kwana na takwas aka yi rasuwa a ƙauyen gaba, Huseina ta tafi gaisuwa. Nasiba ta leƙa bayan ɗaki ta ga kazar ita kaɗai tana leƙen 'yan'uwanta ta kafar zana, tausayi ya kama ta. Mako ai ya cika. Ta ɗauko ta ta sake ta tsakar gida, ta koma wankinta.

A garken Nasiba akwai wata baƙar kaza mai ƙaton ƙirji, ana ce mata Umda, don ita ce mai gari. Ba mai cin ƙwaya sai ta ci, zakaran gidan ma lallaɓa ta yake. Ita ta fara kai sara. Da jini ya fito a tsakar kai, sauran suka rufa. Kafin Nasiba ta yar da wanki ta iso, baƙuwar tana kwance jikin randa, kai duk ja.

Huseina ta dawo bayan la'asar ta tarar da Hashim yana wasa wuƙa a dutse.

"Mi za ka yi da wuƙar ga?"

"Gwaggo, ma'alesh, ki yi haƙuri. Gara a yanka ta tun da ranta, kada ta zama mushe a yi asara biyu." Ya yi 'yar dariya don ya sassauta maganar. "Sabo da kaza ai ba ya hana yanka."

"Kai da ka tashi kana gudun zakara har kana faɗawa tir'a, yau kai ne mai karin magana kan kaji?"

Nasiba tana tsaye da hawaye, amma sai da dariya ta kuɓuce mata. Huseina ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki kazar ta rungume a ƙirji. Tun da ta zo gidan ba ta taɓa roƙon ko allura ba, ranar ta roƙa.

"Ku ba ni zuwa Juma'a ta sama. In ba ta ci tare da su ba, ni da kaina zan riƙe maka ƙafafun."

Hashim ya dubi matarsa, ya mai da wuƙa kube. "Halas, shi ke nan. Zuwa Juma'a."

Ta kwaɓa garin gawayi da mai ta shafe ciwon har jan ya ɓace, don kaza in ta ga ja ba ta iya haƙuri. Da safe ta kifa babban kwando mai manyan idanu a tsakiyar gida, ta sa baƙuwar a ciki, ta ɗora dutse. Ta zuba dawa a kewayen bakin kwandon, rabi ciki rabi waje, yadda duk mai son ci sai ta kawo kanta kusa da kan baƙuwar. Ta zauna da kara. Wadda ta zo ci, a bar ta. Wadda ta zo faɗa, kara ya taɓa mata gindi. A wannan zaman ne wani ya ɗaga waya ta saman katanga.

Kwana uku, bakwai daga cikin takwas suka saba. Suna ci suna wucewa, wata ma tana wankan ƙasa a jikin kwandon. Umda ce kaɗai ta ƙi. Ta zagaya, ta kumbura wuya, ta soka baki ta idon kwandon. Ranar Laraba Huseina ta kira Nasiba.

"Ɗiyata, matsalar ba a cikin kwando take ba. Umda za mu kifa a bayan ɗaki kwana biyu, inda ba ta ganin kowa. Baƙuwar nan ta fito ta san gida. In Umda ta dawo, neman kujerarta zai ɗauke mata hankali."

Nasiba ta saki baki. "Umda? Gwaggo, kazar da aka ƙyanƙyashe a gidan ga, a tsare ta a gidanta saboda baƙuwa ta samu wuri?"

Maganar ta fita kafin ta ji nauyinta. Huseina ta sunkuyar da kai tana karce ƙasa da karan.

"Gaskiyarki," ta ce a hankali. "Gidanku ne."

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Nasiba ta tsaya nan da kwano a hannu. Sai can ta ajiye shi, ta ɗaure zani, ta shiga bin Umda. Wanda bai ga mace mai tsohon ciki tana tseren kaza ba bai ga abin kallo ba. Suka zagaya rumfa sau uku, suka ture tukunya, Hashim yana ta ihu, "Ke za ki faɗi, Nasiba!" A lungun murhu ta damƙe ta. Ta zo ƙofar ɗakin tana haki, Umda na ƙara a hammatarta.

"Gwaggo, ga ta. Nuna min inda ake kifawa. Ni ban iya ba."

Kwana biyu baƙuwar ta yi tana yawo cikin bakwai ɗin. Da fari jikin bango take bi, ta saci ƙwaya ta gudu. Ranar Alhamis da yamma aka gan ta tana shan ruwa a kasko ɗaya da su.

Juma'a da safe Huseina ta watsa dawa ta baza ta da faɗi, sannan ta ɗaga kwandon Umda. Ta fito a fusace. Ta fara da wata fara da ta ɗare mata wurin kwana, ta kore ta. Sannan ta nufi baƙuwar. Huseina ta damƙe karan, amma ba ta ɗaga ba. Baƙuwar ta sunkuyar da kai ta ja da baya taku biyu. Umda ta kai sara ɗaya a iska, ta tsaya tana kallonta da ido ɗaya, sai ta duƙa ta fara ci. Baƙuwar ma ta duƙa.

Hashim ya ce, "To, miyar yau ta tsira." Ya saɓa sallaya ya fita.

Nasiba ta ɗauko ƙwaryar dawa ta ɗora wa tsohuwar a cinya. "Daga yau kajin ga ke za ki riƙa duba su, Gwaggo. Ni sun fi ƙarfina."

Huseina ta riƙe ƙwaryar da hannu biyu. Sannan ta nuna wata da baki. "Waccan mai zanen tana da ƙwarƙwata tun watan azumi. Kawo min toka."

Yanzu ku. Tun da aka fara gudun nan, gida nawa ne a ƙauyen nan babu wata tsohuwa ko wani dattijo zaune kan angarib ana ce masa ya huta? Wa ke gidanku, kuma me hannunsa ya iya da ba ku taɓa tambaya ba? Ku je ku tambaya yau, ku dawo ku rubuta mana a nan ƙasa. Kada wanda ya karanta ya wuce shiru.