Jan Fenti a Katangar Inna Kande

Takalman Inna Kande na fara gani. Silifas ne kore, an jera su a ƙofar ɗaki yadda tsofaffi ke yi, kawunansu na kallon ciki. Leburori uku sun riga sun ɗaura igiya a azarar tsakiya suna ja daga waje. Na buɗe baki in ce su tsaya. Sai rufin ya zube.

Kafin wannan rana ni ba kowa ba ce. Na gama sakandare a Gumel, sakamakon bai yi kyau ba, ina zaune gida ina taya mahaifiyata sayar da ɗanwake. Da aka zo faɗaɗa titin tsakiyar gari, kwamitin aikin ya nemi mai iya rubutu da zai riƙa bin masu awo. Aka ɗauke ni. Aikina riƙe gwangwanin jan fenti da buroshi. Duk ginin da titi zai ci, sai a ce in shafa masa alama in rubuta lamba.

Wanda aka shafa wa ja ba ya jiran katafila. Da kansa zai kwance gininsa ya tsira da kwano, ƙyaure, tagogi da azara. Azarar da, ta giginyar da ta ƙosa, gara ba ta cinta, kuma yanzu samunta sai an sha wuya. Hatta ƙasar tsohuwar katanga manoma na kwasa su kai gona. Dillalai suka cika gari.

A nan na san wani da ake kira Malam Sale, mai kai tsofaffin kayan gini Maigatari. Ranar farko cewa ya yi, "'Yar boko, in kin shafa wa gida ja, ki kira ni kafin kowa ya ji." Na kira shi, ya saka mini kati a waya. Ban ga laifi a ciki ba. Da aikin kwamiti ya ƙare aka sallame mu, ba wanda ya tambayi ragowar fentin. Na tafi da shi gida.

Shi ya kawo shawarar. "Fentin ake tsoro, ba ke ba," in ji shi. "Wa ya san inda awo ya tsaya?" Sai na riƙa saka hijabina na aiki, in riƙe fayil, in je gidan da titi bai ma kusa da shi ba, in shafa ja. In ce katafila na zuwa jibi. Da yamma Malam Sale zai ɓullo kamar mai taimako, ya saye rufin a wulaƙance, ya ba ni kasona. Gidajen tsofaffi muke zaɓa, waɗanda 'ya'yansu ke nesa. Mun yi uku lafiya lau.

Na huɗu shi ne na Inna Kande, mai sayar da daddawa, wadda kunnenta ya yi nauyi. Ta daɗe tana kallon alamar, sannan ta ce, "'Yar nan, to ni ina zan kwana?" Na ce ta je wurin 'yarta a Ɗanzomo kafin a biya diyya. Don ta yarda, na ƙara da cewa, "Inna, ki dai adana takardar gidanki, da ita za a biya ki." Har kunun tsamiya ta ba ni, na sha.

Magina sun san yadda ake kwance rufin ƙasa. Hawa sama ake yi a kankare ƙasar duka, sannan a zare azara ɗaya bayan ɗaya. Aikin kwana biyu ne. Malam Sale yana so a gama kafin mai unguwa ya dawo daga kasuwa, sai ya ce a fizge da igiya kawai. Mun ga Inna ta hau keke napep da safe. Abin da ba mu sani ba, takardar gidan a soke take tsakanin azara, inda mijinta ya ajiye ta tun yana raye. A tasha ta tuna. Maganata ce ta dawo da ita cikin ɗakin, ba ta kuma ji hayaniyar masu ja ba.

Da hannu aka tone ta. Malam Sale ya hau babur, ban sake ganinsa ba, an ce ya ƙetare iyaka. Ni ban gudu ba. Gwangwanin yana cikin jakata lokacin da 'yan sanda suka zo.

A gidan yari na jira shari'a. An gaya mini ƙugun Inna ya karye kuma ba ta farfaɗo ba, in ta rasu tuhumar za ta koma ta kisa. Duk sanda ganduroba ta kira sunana sai in ɗauka Inna ta rasu. Mahaifina ya zo sau ɗaya, ya ce, "Me kika rasa a gidana?"

'Yan'uwana matasa, ban fara da rusa ɗaki a kan tsohuwa ba. Da katin waya na fara. Duk wanda ya ce ku gaya masa abu kafin kowa ya ji, ku tambayi kanku wa za a cuta. Kayan aikin da aka ba ku amana, in aiki ya ƙare ku mayar, ko da ragowar fenti ne.

Inna ta farfaɗo. Alƙali ya yanke mini hukuncin zamba, na cinye watannina. Amma da na fito na kasa leƙa ko zaure, don an ce jikokinta sun yi rantsuwa sai sun rama a kaina. Ranar Juma'a bayan la'asar mahaifina ya ce in saka hijabi, Inna na kirana. Na bi shi ina salati a zuci.

Tana zaune a tabarma da sanda a gefenta, jikokin a tsaye. Mutanen unguwa sun sake rufa mata ɗakin. Na durƙusa a gabanta.

"Ke ce mai fentin?" Na ce ni ce, Inna.

Ta dubi jikokinta ɗaya bayan ɗaya. "Ba mai taɓa ta, kun ji ni." Sannan ta nuna katangar waje da sandarta. "Ke kuma tashi ki kankare jan nan. Duk motar da ta wuce, sai in ɗauka katafila ce."