Babur ɗin da Zainu ya hana aro

Tun bara nake jin ana cewa yayana Zainulabidin ya canza hali, wai babur ya shiga kansa, ya zama marowaci mai raina manya. Na ji a gidan suna, na ji a makarantar da nake koyarwa, har mai sayar mini da ƙuli a kasuwar Bodinga sai da ta tsokane ni da maganar. Shi dai ba zai kare kansa ba ko da wuƙa a wuyansa. To ni Bahijja bakina ba ciwo yake ba, kuma a gabana aka yi kusan komai.

Zainu ne babba a ɗakinmu. Yana makarantar koyon aikin lafiya a Sakkwato mahaifinmu ya rasu, daga ranar kuma ya zama rijiyar unguwa, kowa ya zo da gugarsa. Da ya gama aka tura shi asibitin Horo Birni, can ƙasar Shagari. Kullum zai tashi daga Bodinga da sassafe, ya duba masu zazzaɓi, ya ɗaure wa makiyaya raunuka, ya yi wa jarirai rigakafi, ya dawo da la'asar ya tarar da masu jiransa a ƙofar gida, mai neman magani da mai neman taki da wanda bai ma san abin da ya kawo shi ba sai ya ga abin da ke hannun Zainu. Amsarsa ɗaya ce ga kowa, "Ba komai." Na tsani kalmar nan tun ina yarinya, don na ga abin da take ci masa.

A zauren gidanmu akwai wata ƙusa a bango. Nan ake rataye makullin babur. Haka muka taso muka gani, kuma haka ake yi a yawancin gidajen danginmu: babur na mai saye ne a takarda, amma wanda ya riga ka zuwa ƙusa shi ke da shi ranar nan. Babu mai tambaya, sai dai in an dawo a ce an ɗan taɓa. Babura nawa Zainu ya saya suka mutu a hannun wasu? An kai amarya da nasa, an kai akuya kasuwa, an koya wa samarin gida tuƙi a kansa. Akwai ranar da na gan shi a bakin titi yana tsare mota, da akwatin allurar rigakafi a kafaɗa, babur ɗinsa kuwa ya wuce shi a guje da buhunan albasa, mai tuƙin har da ɗaga masa hannu.

Abin da mutane ba su sani ba, ko suka sani suka manta, shi ne mahaifinmu ma yana da babur. Malamin gona ne, yana da wani kore ɗan Italiya mai zagayayyar fitila. Ran Juma'a bayan an sauko masallaci yakan ɗora Zainu a kan tanki su tafi Sifawa gaida kakarmu, su biyu rak, babu mai tsayar da su da wata buƙata. Zainu ya taɓa gaya mini a kan tankin nan ne kawai ya san yana da uba nasa shi kaɗai. Bayan rasuwa, Baffa Husaini, ƙanen mahaifinmu, ya ce zai riƙe babur ɗin amana har yara su girma. Ya yi ta jigilar gero da shi har ya kashe shi. Ni da na yi wayo, a bayan rumbu na san shi, kaji suna ƙwai a ƙarƙashinsa.

Ana nan sai Zainu ya ga hoton wani babur a waya. Sabo ne fil, ƙirar bana, amma da gangan mutanen Italiya suka yi shi da siffar na da: fitila zagayayya, tanki kore, ɗan gajeren sit na fata ruwan ƙasa, tayoyi masu sili. Ya nuna mini, na ce yana da kyau, na wuce. Ban san a zuciyarsa ya riga ya saya ba. Ya yi shekaru yana ajiye albasa a rudu, wato rumfar adana ta, yana kiwon bijimai a bayan gida. Shekarar da albasa ta yi tsada ya kwashe duka ya sayar, ya haɗa da bijiman, ya tura wa wani dila a Abuja. Mutane suna jiran su ga mota, sai ga akwatin katako an sauke daga tirela.

Unguwa ta taru. Aka ɓalle katakon. Baffa Husaini ya zagaya babur ɗin yana ƙwanƙwasa tanki da sandarsa.

"Zainu, wanga shi na sabon?"

"Shi na, Baffa."

"Wanga ai irin na marigayi na. An shahe tsoho da henti an ba ka. Ina wurin aza kaya?"

"Ba shi da shi, Baffa. Hakanan aka yin shi."

Baffa ya girgiza kai, ya ce Allah ya sa albarka, da irin muryar da ake yi wa mutum jaje. Kafin magariba labari ya gama gari cewa 'yan Abuja sun damfari Zainu, kunya ce ta hana shi faɗa.

A wurinmu sabon babur ba a hawansa tsirara. Kafin ya taka titi sai an kai shi tasha an naɗe tanki da leda, an yi wa sit riga, an kai wa mai walda ya ƙara masa kariya ta baya, wato ƙarfen ɗaurin kaya, yadda zai ɗauki buhu biyu da mutum. Wanda bai yi haka ba ko dai ba shi da hali ko ba shi da mafaɗi. Zainu bai yi ko ɗaya ba. Sannan ya yi abin da ya fi wannan muni a idon dangi: ya sa makulli a aljihu. Ƙusar zaure ta kwana babu komai a kanta.

Watannin nan na ga yayana da ban taɓa gani ba. Ba ya shan man kwalba na bakin titi, sai ya je gidan mai. Yakan goge babur ɗin da tsohuwar hularsa. Wata Juma'a ya ce in hau, na maƙale a ɗan abin da ya rage na sit, muka bi titin Sifawa muka wuce har Shagari, ba don wani aike ba, ba don gaida kowa ba. Muka sha fura a bakin hanya muka juyo. Yana tuƙi yana dariya shi kaɗai. Mutum ya haura arba'in, furfura ta fara fito masa a gemu, sai ranar na ji dariyarsa ta gaskiya.

Sai aka kira shi Sakkwato wani kwas na mako guda. Ya shigar da babur ɗin ɗaki, ya ba mahaifiyarmu Inno makulli, ya roƙe ta kada ta ba kowa. Washegari Baffa Husaini ya yi sallama, ya fita da makullin. Ina ɗora wa Inno laifi, amma ba da yawa ba. Tsohuwar da ta yi rayuwarta ba ta taɓa ɗaga ido ta kalli ƙanen mijinta ba, ba a ranar za ta koya ba. Kuma Baffa bai ce aro ya zo ba. Cewa ya yi dangi sun zauna sun ga yaron nan ya yi wa kowa, yanzu an cuce shi yana ɓoyewa, saboda haka sun haɗa hannu za su gyara masa babur ya zama irin na mutane kafin ya dawo. Inno har addu'a ta yi musu. Ni ina makaranta, da ina gida da sai dai a bi ta kaina.

Suka kai wa Bashar mai walda a tasha. Ya cire sit ɗin fata, ya sa zarto ya datse wutsiyar babur ɗin, ya liƙa masa kariya ta rodi irin wanda ake ginin ɗaki da shi. Aka kawo dogon sit baƙi aka ɗaure da waya. Aka shafa gam a koren tankin nan aka naɗe shi da leda mai furanni. A bayan kariya aka manna rubutu, wai haƙuri maganin zaman duniya.

Amma babur ɗin ba irin waɗanda Bashar ya saba ba ne. Siffarsa ce kawai ta da. A cikinsa akwai wani ɗan akwati da ke sarrafa wuta da mai, wanda makanikai ke kira ƙwaƙwalwa, kuma ba a kusantarsa da wutar walda sai an cire batir. Babu wanda ya cire. Wa zai tambaya, tunda duk gari ya yanke cewa tsoho ne? Da aka gama aka murza makulli, ko tari bai yi ba. Suka turo shi da hannu har gida, suka jingine shi a zaure, suka lulluɓe da zane. Makullin kuwa Baffa da kansa ya rataye shi a ƙusa.

Ranar da Zainu ya dawo an shimfiɗa tabarmi a zaure, manyan gida sun jeru, ni ina bakin ƙofa. Baffa ya yaye zanen yana murmushi.

"Ga shi nan, mun hidda ka kunya. Yanzu ya zan babur. Hulogi ɗai ya rage a canza mishi, shi tashi."

Abin da ake jira sananne ne. In babba ya yi maka alheri, ka durƙusa ka yi godiya, in ma da kuskure a ciki ka ce ba komai. Zainu ya daɗe yana kallon ledar nan. Ya sa yatsa ya taɓa wurin da aka datse. Ya durƙusa ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi lafiyar iyali, ya miƙe, ya zare makulli daga ƙusa, ya tura babur ɗin cikin gida. Bai yi godiya ba. Bai kuma ce "ba komai" ba.

Ni ce na je tasha neman sit ɗin fata. Na tarar Bashar ya ɗora shi a kan bulo, masu jiran aiki suna zama a kai suna cin gyaɗa. Abin da na gaya masa ranar ba zai rubutu ba. Ya ce shi aiki aka ba shi. Da gaskiyarsa, kuma wannan ya ƙara mini haushi.

Zainu ya koma tsaron mota a bakin titi, daga Shagari ya hau ɗan kabu-kabu zuwa Horo Birni. Dila ya ce ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, sai an aiko da wata daga waje, aka shiga jira. Damina ta wuce, aka yi girbi. Da hannunsa ya yanke kariyar nan, ya yi ta jiƙa gam da kananzir yana ɓare leda kaɗan-kaɗan. Wani wurin fenti ya biyo ta. Duk wannan lokaci babu wanda ya zo ya ce masa an yi kuskure. Aike dai ake ta yi wa Inno cewa ɗanta ya kunyata manya a gaban jama'a, ya je ya ba da haƙuri. Su suka kashe masa babur, kuma su ke jiran ban haƙuri. In na tuna wannan har yanzu sai abinci ya fita raina.

Da kayan suka iso, wani makanike ya zo daga Sakkwato ya haɗa. Babur ya tashi. Tabon zarto yana nan a wutsiya, tankin ya yi dabbare-dabbare, amma ƙarar ita ce. Unguwa ta ji, Baffa Husaini ma ya ji.

Da safe sai ga shi da babbar riga. Ina tsakar gida ina jin su shi da Zainu ta zaure. Ya ce ya yafe abin da ya wuce, yaro ba ya rasa kuskure. Sannan ya ce an yi rasuwa a Mandera, za shi ta'aziyya.

"Miƙo makullin nan, ba ni daɗewa."

Na saki tsintsiya na tsaya. Na san yayana. Na san kalmar da ke kan harshensa tun ina yarinya.

"A'a, Baffa."

"Mi kac ce?"

"Ba ni ba da shi. In kuna so in biya muku mota, ko in kai ku da kaina. Amma makulli na wurina."

"Ni ka hana ma ƙarhe, Zainu? Ni da na riƙe ku bayan ubanku?"

"Kun riƙe na Baba. Wanga ni ka riƙon shi."

Baffa ya kaɗe riga ya fita. Tun ranar bai sake taka gidanmu ba, rabin dangi kuma suka bi bayansa. Da aka yi wa Zainu haihuwa bana, tabarmin da muka shimfiɗa wa manya haka muka naɗe su babu wanda ya zauna. Wannan ne rowar da ake faɗa, wannan ne raina manyan.

Abin da ba su gani ba ni na gani. Da Baffa ya fita, na leƙa zaure na tarar da Zainu zaune a ƙasa dirshan, ya jingina da bango a ƙarƙashin ƙusar nan, gumi ya jiƙa masa riga, makulli yana hannunsa. Na kawo masa ruwa. Ya ɗago ya dube ni.

"Bahijja, ashe haka kalmar a'a takan yi nauyi?"

Na ce masa ta farko ce. Sannan na shiga ɗakin Inno na ɗauko guduma, na zare ƙusar daga bango.