Baƙin Hannun Firmin

Ranar da aka binne mijina, Anselme Thuret ya miƙo mini baƙin yadi na makoki daga kantinsa, ya ce ruwa ya taɓa shi, ba zai sayu ba. Na duba, ban ga tabo ba.

Mai kantin yadi ne a layinmu na Paris, mai tumbi da gajeren numfashi. Sau biyu yake auna yadi kafin ya sa almakashi. Kamar sauran masu kantuna, yana cikin dakarun tsaron gari, waɗanda ke ɗinka kakinsu da kuɗinsu. Ni nake wanke masa nasa. Da aka kori sarki a farkon 1848, har rawa ya taka da leburori. Da zafi ya shigo, leburorin suka tare tituna da duwatsu, sai aka kaɗa wa masu kantuna ganga su fito su harbe su.

Da harbi ya lafa, suka bi gida-gida suna duba hannuwa. Wanda hannunsa ya yi baƙi, an ce albarushi ne, sai a kai shi jikin bango a harbe. Ɗana Firmin maƙeri ne, ko ran Lahadi hannunsa baƙi yake.

Na tarar da shi a jere da wasu a bakin kasuwa. Thuret na tsaye da bindiga, yana zufa. Shugabansu Delorme, mai sayar da agogo, ya juya tafin Firmin.

"Wannan ma da gawayi yake wanka?"

"Ranka ya daɗe, ƙira ce," na ce.

"Iya, yau duk Paris maƙera ne. Thuret, ka san shi?"

Thuret ya dubi maƙwabtansa da ke cikin dakarun, waɗanda suke cin abinci a gidansa, har da wanda yake so ɗansa ya auri 'yarsa.

"Shi ya yi mini ƙarfen taga," ya ce, da ƙyar ake ji. "Yana gidana tun jiya."

Ƙarya ce. Delorme ya yi tsaki, ya tura mini Firmin. Sauran aka wuce da su bayan kasuwa inda bangon yake, har da Thuret cikin masu rakiya.

Auren 'yarsa bai yiwu ba. Bayan kwanaki ya kawo kakinsa wanki da kansa, ya tsaya a ƙofa.

"Iya, wanda ke kusa da Firmin a jeren nan ma na san shi, mai rini ne. In kin je coci, ki kunna masa kyandir. Kada ki ce ni na aiko."