Abin da Ayuba Bai Tambaya Ba

Ayuba mutumin Madawa ne, Kirista ɗan Kirista, kuma tsohon direban motar albasa. Da bayansa ya gaji da hanya, sai coci ta damƙa masa wani gida kusa da jami'ar garin Tawa, inda ɗalibai ke taruwa don addu'a da waƙa. To amma Ayuba ba mai iya rufe ƙofa ba ne. Kafin a ankara gidan ya zama na kowa: mai yunwa, wanda bai samu ɗakin kwana ba, da wanda kewar gida ta dama. Ya ajiye buta da tabarma a ɗakin baya saboda yaran Musulmi, in sun shiga sai ya kau da kai ya ba su wuri.

Doka ɗaya gare shi: ba ya tambayar kowa addininsa. Har taƙama yake da ita, taƙamar da wani lokaci takan yi yawa.

Cikin masu zuwa akwai Isaka, ɗan ƙauyen Allakaye, maraya, shiru-shiru, wanda uwarsa Delu ta sayar da awakinta ya yi karatu. Tuwo ne ya fara kawo shi, daga baya ganga ta riƙe shi, don yaron yana da hannu. In ana waƙa shi ke kiɗa. Yakan kuma shige ɗakin baya ya daɗe. Abin da yake yi a ciki, Allah kaɗai ya sani.

Da zafi ya tsananta, sanƙarau ya kama Isaka, bai yi kwanaki ba ya cika. Ayuba ya yi kuka kamar ɗan cikinsa ne ya rasu, ya nemi mota ya kai gawar gida Allakaye da kansa.

Ashe labari ya riga shi isa. Wani hoton waya ya zagaye gari, ga Isaka rungume da ganga, ga gicciye a bango. Ayuba ya tarar da maza zaune a ƙofar gida, an haƙa kabari, amma ana ta gardama ko za a yi masa salla. Liman dattijo ne mai sanyin hali, kuma a fili yake mafita yake nema. Ya kira Ayuba gaban jama'a.

"Baƙo, kai ka zamna da yaron ga," in ji liman. "Hwaɗa muna magana guda, mu tashi mu sallace shi. Musulmi na, ko ya koma wajenku?"

Ayuba ya ji Delu na sheshsheƙa a bayan zana. Kalma ɗaya ce tak, kuma ba mai iya ƙaryata shi. Amma in yaron ya zaɓi wata hanya a zuciyarsa fa, wa ya ba Ayuba ikon shafe ta? In kuwa bai zaɓa ba? Ya laluba ransa kaf, bai sami komai ba sai fuskar yaro yana cin tuwo.

"Malam, ban sani ba," ya ce. "Ban taɓa tambaya tai ba."

Liman ya sunkuyar da kai. Can ya ce shi dai a Musulmi ya raɗa wa yaron suna, a haka kuma zai sallace shi. Amma maza sun riga sun fara neman takalmansu. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, kowa da uzurinsa, har sahun da ya rage bai kai a kira shi sahu ba. Da aka zo ɗaukar makara hannu bai isa ba, dole Ayuba ya sa kafaɗa.

Bayan an dawo, ya durƙusa bakin zana don yin ta'aziyya. Delu ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"An ce kai ka cishe shi, na gode," ta ce. "Amma bawan Allah, shekara biyu ɗana na cin abinci hannunka, ko sau ɗaya ba ka so ka san ko shi wane na ba?"