Kawu Isufu da Jar Saniya

Duk wanda ya san Kawu Isufu a garin nan na Greensboro, nan ƙasar Turawa, ya san aljihunsa na dama. Kanwa ce a ciki, dunƙule guda kamar ƙwan agwagwa. Ka ce masa kanka na ciwo, sai ya ɓantaro maka. Ka ce an rage maka ranakun aiki, sai ya ɓantaro maka. Ranar da motata ta mutu a tsakiyar titin Wendover, ana ta danna mana oda, leƙowa ya yi ta taga ya ce, "Habu, gwada jiƙa mata kaɗan." Yayan mahaifiyata ne, shekara shida yana gidana. Ku 'yan'uwa mazauna garin nan kuka sha dariya, ni na sha wahala.

Dillalin shanu ne a Dakoro ta Nijar kafin ya zo, kuma har ya koma ga Allah bai ajiye sana'ar a bakinsa ba. Mu shiga shagon nama a High Point Road, ya ɗaga cinya ya shinshina, ya ce, "Wannan saniya ba ta taɓa takawa zuwa rijiya ba. Naman malalaciya ne." Mai shagon da kansa ya roƙe ni in riƙa barinsa a mota. Ranar da na kawo Hadiza ta gaishe shi kafin aurenmu, ya yi ta zuba mata barkwanci har ta ƙyalƙyale. Tana fita ya ce, "Haƙora cikakku. Aura."

To, wata Juma'a ya dawo daga masallaci da wata takardar talla. Wani gandun namun daji ne da ake zagayawa cikin mota, dabbobin na yawo a sake. A jikin takardar akwai hoton jar saniya mai dogayen ƙahoni. Mako uku ban huta ba. In dawo daga aikin sito bayana kamar zai tsage, in tarar da takardar a kan farantin tuwona. Lahadi ɗaya tak nake hutu, ita na sadaukar.

Tafiyar sama da awa guda ce, kuma duk hanya wa'azi nake masa. Na ce, "Kawu, doka ɗaya ce: ba a fita daga mota. Ka san takardunka na zama a ƙasar nan sun ƙare. In aka kira 'yan sanda, jirgi za a saka ka, ni kuma ban san abin da zan gaya wa Inna ba."

Ya ce, "Ni yaro ne?"

A ƙofa aka miƙo mana bokitin abincin dabbobi. Ya ɗanɗana ƙwaya ɗaya ya tofar. "Ko dusa babu. Allah ya isar wa bayin Allah."

Jimina ce ta fara tarbarmu. Ta zuro wuya ta taga, ta bar bokitin, ta cafke hularsa ta yi gaba. Ya bi ta da ido ya ce, "Ɗiyar ɓarayi!" Jakin dawa ya matso, kafin in ankara Kawu ya kama leɓensa ya ɗage, yana ƙirga haƙora. "Tsoho ne, an cuci masu wurin nan." Raƙumin dawa kuwa ko kallon kirki bai samu ba. Wai muna da su a Nijar, ba wanda ya taɓa biya don ya gan su. Ga zafi, ga yawun dabbobi ya wanke mini gilashi, ga wata barewa ta taka mini gefen mota da kofato. Wallahi gida kawai nake so.

Sai muka sha kwana, ga saniyar can gindin shinge. Ja ce wur, ƙahonin sun kai faɗin motata, ta sunkuya tana lasar ƙasa. Kawu ya ƙura mata ido. Abin da na ji kawai shi ne ƙarar ƙofa.

"Kawu! Kawu, don girman Allah!"

Ina! Ya riga ya yi nisa, kai ba hula, babbar riga na jan ciyawa. Ya yi wani irin kira daga maƙogwaro wanda ban taɓa ji a bakinsa ba. Saniyar ta ɗago, ta tako a hankali har gabansa. Ya zaro kanwar, ya buɗe mata tafi. Tana lasa, yana sosa mata wuya yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Motocin bayanmu suka tsaya cak ana ɗaukar hoto, ni kuwa na hango wata baturiya ma'aikaciyar wurin ta taho a guje, da rediyon oba-oba a hannu.

Dole ni ma na fito, na zama tafinta. Ta ce ya koma mota yanzun nan ko ta kira 'yan sanda.

"Me ta ce?"

"Ta ce sannu da zuwa, amma mu tafi."

"Gaya mata ba su iya kiwo ba. Saniyar da ke lasar ƙasa kanwa take nema. Ko ɗan shekara bakwai ya san wannan a Dakoro."

Na juya na ce mata tsoho ne, ba ya jin Turanci, yana ba da haƙuri ƙwarai. Ta dubi fuskarsa, wadda ba alamar haƙuri ko ɗaya a cikinta, ta dubi saniyar da ta kwantar da kai a kafaɗarsa. Ta daɗe riƙe da oba-obar nan a bakinta. Daga baya ta sauke, ta raka mu har ƙofa, ta ce kada ta sake ganinmu.

Na hau titi ina huci, na shirya masa faɗan shekara shida. Shi ya riga ni. Ya ce, "Irin su talatin Baba ya bar mana. Shekarar fari suka ƙare ɗaya bayan ɗaya. Ta ƙarshen ni na yanka ta da hannuna, don ta kasa tashi. Tun ranar nake yawo da rabonta." Na haɗiye faɗana, na kama hanyar gida.

Kun tuna daga baya ya koma ba ku kanwa daga aljihun hagu, kuna tsokanarsa wai tsufa ya sa ya manta hanya? Sabuwa ya saya muku. Ta dama bai ƙara ɓantara wa kowa ba. Da muka dawo daga binne shi na tarar da ita a rigarsa, da ramin da harshen saniyar ya yi mata. Tana nan a motata har yau.

Allah ya jiƙan Kawu Isufu, ya yafe masa, ya saukar da shi inda ciyawa ba ta bushewa. Amin.