Farin Kunun da Na Riƙa Dama wa Baba

Ko na manta da komai, ban da bazarar farko bayan samun mulkin kai, lokacin da na kusa kashe mahaifina da hannuna ina ganin gata nake yi masa.

A wani ƙauye muke kusa da Cadakori. Baba ya tsufa, haƙora sun zube, sai zazzaɓi ya kayar da shi. Mai maganin garinmu ya ce ciwon shawara ne, kada ya kusanci gyaɗa, nama ko nono. Ni kuwa in aka ba ni doka, har gishiri nake ƙara mata. Zazzaɓi ya tafi, ban saki dokar ba. Wata biyar ina surfa dawa, in wanke ta tas, in dama masa farin kunu. Ga gyaɗa a rumbu, amma da na kama shi yana tsotsar ƙuliƙuli, fizgewa na yi har da faɗa.

Sai wuyansa da bayan hannuwansa suka yi baƙi suna saɓa kamar ƙuna. Ƙafafu sanyi ƙalau da rana tsaka, ga zawo. Wata safiya ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ɗiyar wa ce ke?"

Wasu suka ce tsufa ne, wasu suka ce kuturta. Yayana ya shigo kansa a ƙasa.

"Gobe za a yi masa bukka a bayan gari. Mai gari ya yi magana."

"Yaya, uban namu?"

"To ya zan yi? An hana matata taɓa guga a rijiya."

Ban jira goben ba. Na ɗora Baba a jaki, ina tafe ina tallafe da shi har gidan likita na Gidan Rumji. Sau biyu yana sulalewa, ina kara kunne a ƙirjinsa in ji ko da sauran rai.

Malamin likita ya tsikari baƙar fatar da allura, Baba ya zabura.

"Ba kuturta ba ce, tunda ya ji zafin allurar. Me yake ci?"

Na zayyana masa, har da alfahari.

"Ƙanwata, yunwa ce. Akwai wani sinadari, niyasin, da fata da jini da ƙwaƙwalwa ke buƙata, balle a jikin tsoho. Yana cikin gyaɗa da hanta. Ɗan wanda ke cikin dawar ma kin zubar wa awaki da dusa."

Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ba mu ƙwayoyi, ya ce kunun gyaɗa kullum.

Fatar ta warke, ƙafafun suka yi ɗumi, ba a yi bukkar ba. Amma na makara, hankalinsa bai dawo duka ba. Har ya rasu, in na miƙa masa kwano, godiya yake yi mini irin wadda ake yi wa baƙuwa.

Yanzu ni ma na tsufa. In na ji an ce ciwon wane tsufa ne kawai, sai in ce a fara leƙa kwanonsa, a kuma tambayi mai son nasa abin da ta hana shi.