Uwar Kwalabe da Tarin da Ba Shi da Suna

Kafin sauran ma'aikatan ɗakin gwaji su gama gaisawa da mai gadi, ita ta riga ta wanke hannu har gwiwa, ta sa farar riga da safar hannu, ta buɗe akwatin ɗumi tana duba kwalabenta ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu take kiwon ƙwayoyin halitta, waɗanda ake shuka cuta a kansu don a gane ko wace iri ce. Idan ruwan wata kwalba ya tashi daga ja-ja ya koma ɗorawa, sai ta ce, "Waɗannan yunwa suke ji," ta canja musu. Shi ya sa kowa a asibitin yake kiranta Uwar Kwalabe. Mijinta kan ce da za ta kula da shi rabin yadda take kula da su, da yanzu ƙofa ba ta ɗaukarsa.

Shekarar da tarin nan ya ɓullo, mutum kan fara da zazzaɓi, kafin a ankara numfashi ya gagare shi. Gadaje suka cika har aka shimfiɗa katifu a baranda. An yi gwajin mura, an yi na tarin fuka, an yi duk wanda aka sani, babu wanda ya nuna komai. Likitoci suna ba da magani ne kawai da fatan a dace.

Aka riƙa kawo mata majinar marasa lafiya. Ta shuka, shiru. Ta sake, shiru. Shugaban sashe ya ce za a aika samfur ƙasar waje.

"A aika, ranka ya daɗe," in ji ta. "Amma ka bar ni in gwada da ƙwayoyin hanyar numfashi. Suna da wuyar reno, sai dai cutar can take zama."

Don kada ta kai wa iyalinta abin da ba ta san shi ba, ta ƙaura zuwa wani ɗan ɗaki a wurin aiki. Mijinta ya riƙa ajiye mata abinci a hannun mai gadi. Ana cikin haka aka kwantar da yayarta, wadda ta rene ta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Ba a shiga ɗakin masu tarin, sai ta tsaya a bakin taga tana kallonta ta gilashi. Nas ta fito da saƙo: "Yayarki ta ce tsayuwar ta isa haka, ki koma wajen 'ya'yanki na kwalba."

Ta share hawaye, ta koma.

Wata safiya ta sa ido a madubin gwaji, ta ga ƙwayoyin hanyar numfashin da ta shuka wa majinar sun kumbura suna ɓarewa, wurin ya yi huji-huji kamar zanen da asu ya ci. Ta ɗauko kwalbar da ba ta shuka wa komai ba, ta tarar da ita lafiya lau. Sannan ta kira shugaban.

Ya daɗe a sunkuye kan madubin kafin ya ɗago. "Shi ne?"

"Ban ce ba tukuna. Amma wani abu yana cin su. Bari in sake shukawa mu gani."

Ta sake, haka ya fito. Daga wannan kwalba aka sami ƙwayar cutar da yawan da ya isa masana su karanta tsarinta, suka tabbatar sabuwa ce. Aka haɗa gwajin gano ta, aka fara ware masu ita tun kafin su yaɗa wa gidajensu. Yayar ba ta ga wannan rana ba. Uwar Kwalabe ta karɓi gaisuwa ta waya, washegari ta shiga aiki, don ƙwayoyin ba su san zaman makoki ba.

Uwar Kwalabe, ke ce kika zauna da abin da kowa ke gudu har ya nuna fuskarsa. Ke ce mai haƙurin da ba ya neman shaida. Akwai mutane a kasuwa yau, suna ciniki suna dariya, waɗanda ba su taɓa jin labarinki ba, alhali numfashinsu ya ratsa ta hannunki.

A wannan watan take ajiye aiki. Mun gode, Uwar Kwalabe. Allah ya jiƙan yayarki, ya ba ki hutu cikin ƙoshin lafiya. Ku kuma masu tasowa, in aka ba ku aikin da babu mai tafa muku a kansa, ku riƙe shi yadda ta riƙe nata, domin ba ku san ranar da ran wani zai rataya a kansa ba.